Haruffa Masu Ɗaci

Ku matso kusa ku ji, amma kada wanda ya zauna mini a kan ƙyallaye. Jiya ina daga cikin gida na ji ɗayanku a bakin ƙofa yana cewa aikin Inna Kande ai ba aiki ba ne, yanka tsumma ne da liƙawa. Madalla. Allah ya ƙara basira. Tunda kun gama sanin sana'ar tun daga zaure, bari ni da na tsufa a cikinta in ɗan cike muku abin da ya rage.

Haruffan Turanci nake ɗinkawa, a nan tsakar gidana cikin Zuru, ƙarƙashin rumfar nan. Abin da nake yi malamai suna ce masa zanen karatu. Yadi ne mai kauri, baƙi ko shuɗi, kamar tsawon zanen ɗaurawa, ana rataye shi a bangon aji. A jikinsa nake zaunar da kalmomi gida-gida. Gida kuwa shi ne kalmomin da suka haɗa wutsiya ɗaya. Ga gidan "at": cat, mat, hat, rat, wato kyanwa, tabarma, malafa da ɓera. Wutsiyar jan ƙyalle ce, a ɗinke take, ba ta motsi. A gabanta akwai maɓalli. Harafin gaba shi ne sakakke, yana da 'yar igiya a kansa, an kafe shi da sitaci ya yi ƙarfi kamar kwali. Yara su ɗauko wannan su rataya, su cire su rataya wancan, kyanwa ta koma tabarma a hannunsu. Aji uku na yi a makaranta, Turancina kuma duk a kunne na tsince shi. In kun haɗa ni da Bature yau, zan ce masa kyanwa, tabarma, malafa, ɓera, daga nan sai mu kalli juna. Amma a cikin gidajen nan nawa babu mai ja da ni.

Aikin farko da aka ba ni harafin S ne, kuma ba a kan ƙyalle ba, a kan tsohuwar jarida. Madam Ngozi ce ta ba ni, wata tela 'yar kudu da take da shago kusa da kasuwa, tana ɗinka kayan makaranta da bajon da ake liƙawa a aljihu. A wurinta na koyi aiki tun ina budurwa. Hausar Madam ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, har kazarta. Na yanka S ɗina na miƙa mata ina jin kaina. Ta ɗaga shi sama ta juya shi.

"Kande, wannan harafi ne, ko maciji ne da mota ya taka?"

Wata biyu ina yanka macizai kafin ta bar ni in taɓa ƙyalle. Da na taɓa kuma sai na tarar ƙyalle ba jarida ba ne. In ka yanka shi a karkace, harafin zai miƙe a hannunka ya yi dogon wuya. In ba ka bi bakinsa da ɗinki ba, sati ɗaya ya fara zubar da zare. Almakashi biyu ne, babba na yadi, ƙarami mai tsinin baki na shiga cikin cikin "a" da "e". Wanda ya ɗauki ƙaramin ya yanke farce, ranar zai ji sunan kakanninsa da harshe biyu. Su kuma "b" da "d" da "p" kwali ɗaya ake yanka su da shi, juyawa kawai ake yi, saboda haka igiyar ratayawa ce take faɗa wa harafi ko shi wane ne. Ka ɗinka igiya a gindi maimakon kai, ka aika wa aji guda ƙarya.

Sai ranar sitaci. Duk ranar da za a kafe haruffa, Madam miyar shuwaka take yi. Za ta sa ni in wanke ganyen, in murje shi har hannuna ya yi jawur. Ruwan wankin farko, koren nan mai kumfa da ko akuya ba ta sha, ba a zubar da shi. Da shi ake dama sitacin rogo, a tsoma haruffa, a shanya, a bi su da dutsen guga na gawayi. Farin ƙyalle ya fito da wani kore-kore kamar ya kwana a bakin rafi. Sau ɗaya na tambaye ta dalili.

"Zuba kawai," in ji ta. "Na ɗauko kai ka yi ɗinki ne ko ka yi aikin jarida?"

Sai na ba kaina amsa, tunda ni mai kaifin ƙwaƙwalwa ce kamar ku. Na ce rowa ce. Matar da take tara guntun zare a gwangwanin madara, ai ba za ta zubar da ruwa ba ko da na ɗaci ne. Shekara bakwai ina zubawa ina yi mata dariya a ciki.

Zanen karatu na farko, bayan na yi aure na kafa kekena a gida, wata malama ce ta jawo shi. Sunanta Malama Rifkatu, lokacin tana koyarwa a Dabai. Ta shigo da wani kwali da ta rubuta kalmomi a kai, damina ta jiƙa shi ya narke kamar tuwon jiya. Ta ce, "Yaya Kande, ba za ki iya yi mini wannan a ƙyalle ba? Na gaji da rubutawa duk zango." Gidan "ap" ne: cap, tap, map, nap. Ta faɗa mini ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya, hula, famfo, taswira, da ɗan barcin rana. Ni na kawo dabarar maɓalli, don ƙyallen ja ya yi mini kaɗan, ba zai isa in yanka wutsiya huɗu ba. Ita kuma ta kawo dokar da har yau nake bi: duk kalmar da aka rataya, sai yara sun taɓa abin ko sun kwatanta shi da jikinsu. Tun daga nan kalmar da ba a taɓa ta, ba a nuna ta, ba a yin ta, ba ta hawa zanena.

Wannan dokar ta sa na yi faɗa da masu ilimi da yawa. Wani mai makarantar kuɗi ya zo mini da takarda cike da kalmomi masu tsawon igiyar shanya, wai duk da "tion" suke ƙarewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ukun nan me take nufi?" Ya gyara tabarau, ya duba silin ɗin da ba ni da shi, ya ce zai duba ƙamus. Na ce yara 'yan shekara biyar fa? Ya ce ai ba don yara ba ne, don iyaye ne in sun zo biyan kuɗin makaranta su gani. Na raka shi har ƙofa da girmamawa. Wata kuma ta ce in yi mata haruffan da ƙyalƙyali irin na kayan amare. Wani malami daga wajen Wasagu ya dawo mini da zane wai ya lalace, na duba na ga matarsa ta yi goyo da shi.

A haka dai aiki ya yi ta zuwa, ni ko ƙofar gida ba na fita. Masu baburan kabu-kabu ne suke ɗaukar zannuwan a naɗe su kai ƙauyuka. Har 'yan kwamfuta suka buɗe shaguna a gari, suna buga fostar roba mai sheƙi, da hoton tuffa da jirgin ruwa da wani gidan ƙanƙara da ko a mafarki yaran Ribah ba su taɓa gani ba. Kafin ka gama shan ruwa an buga an naɗe. Malamai suka fara kallon haruffana suna cewa, "Inna, naki ba su da haske."

To ga shekarar da nake so ku ji. Malama Rifkatu ta zama shugabar wata makaranta a wani ƙauye gaba da Ribah. Ta tsaya gaban kwamitin iyaye ta ce ita zanen ƙyalle take so, ba roba ba. Aka yi ta ja, ta ci. Ta ba ni aikin zane shida, makarantu biyu na kusa da ita suka bi sahunta. Ban taɓa samun aiki mai yawan wannan ba, kuma kowa ya san sauran ƙauyukan sun zuba ido su ga yadda za ta kaya. In zanen ya yi, aikina ya zauna. In bai yi ba, na koma facin wando.

Ranar sitaci na ɗauko shuwaka, sai na tsaya. Na ce wai ni har yaushe zan yi ta bin rowar Madam? Ita ta tsufa ta koma garinsu, ni ga ni da rijiya a gida. Na dama sitacina da ruwa mai kyau, garai-garai. Haruffa suka fito fari tas, suna ɗaukar ido, ka ce haƙoran mai tallan man goge baki. Maƙwabta suka shigo kallo. Na ce a raina, yau dai na fi wadda ta koya mini. Aka naɗe aka tafi da su ana saura kaɗan a yi hutun ƙarshen shekara.

Abin da ban sani ba, don ni ba na zuwa ko'ina, shi ne a ƙauyukan nan in an yanke dawa rumbuna suka cika, ajin makaranta ne rumbu na biyu. Yara suna hutu, ɗaki yana da kwano da ƙofa, me za a jira? Aka jibge dammunan dawa a azuzuwa. Dawa kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, da baƙinta take tafe.

Sati uku da komawa makaranta Malama Rifkatu ta kira ni da hantsi. Ba ta ko gaishe ni da kyau ba.

"Yaya Kande, ɓeraye sun cinye haruffan."

"Guda nawa?"

"Duka. Igiyoyin kawai suka bar mana. Na ɓoye maganar ina neman dabara, shugaban kwamiti ya gano. Har ya sa an kawo fostar roba ta gwaji an rataya. Jibi za su zauna, in ba ki zo ba an gama."

Ni da ko bikin dangi sai an yi mini rantsuwa nake zuwa, ranar zaman na hau kabu-kabu. Ba zan ba ku labarin hanyar ba. Na dai isa da ƙafafuna biyu, ɗaya tana jin maganata ɗaya ba ta ji.

Aka shigar da ni ajin 'yan shekara ta biyu. Ga zannuwana a bango, jajayen wutsiyoyi suna nan lafiya lau don su ba a sa musu sitaci, a gabansu maɓallai tsirara. A ƙasa cikin kwando ga guntayen farin ƙyalle kamar an tsefe auduga. Sun yi aiki tsakani da Allah, ɓerayen nan, ko ni ban taɓa samun masu son aikina kamarsu ba. Sai idona ya kai lungu. Tsohon zanen nan na gidan "ap", wanda na yi wa Malama tun tana Dabai, take kuma yawo da shi duk inda aka kai ta, yana rataye da haruffansa huɗu masu kore-kore. Ko gefensu ba a taɓa ba. Ɗaki ɗaya, dawa ɗaya, ɓeraye ɗaya.

Na ciro "c" na kai bakina na lasa. Bayan shekarun nan duka, ɗacin yana nan, sai da na runtse ido. A nan tsaye na gama karatun da na fara a shagon Madam.

Shugaban kwamitin wani dattijo ne dogo mai jar hula, ana ce masa Baba Dogo. Ya shigo da mutum huɗu a bayansa, yara suna zaune tsit. Ya nuna kwandon da sandarsa.

"Ke ce mai wanga aiki? Mun ce karatu muka so, ba mu ce a yi wa ɓeraye walima ba."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, laifina ne, ba na Malama ba. Akwai abin da ake zubawa a sitaci, na ga kamar na fi ƙarfinsa na bari. Ga wanda aka zuba wa. Don Allah ɗan taɓa shi da harshe."

"In lashi tsumma? Gaban jikokina?"

"To a ba wani mai ƙarfin hali."

Ya fizge harafin ya lasa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka. Ya tofar ta taga, ya goge baki da hannun riga.

"Na ji. Shina da ɗaci. Amma ɗiyata, roba ko zuma anka shafa mata ɓera bai cin ta. Mi za ya sa mu koma ma abin da sai an yi mai magani?"

Gaskiya ya faɗa. Sai ya juya ya ce wa Malama ta sa yara su karanta fostar, in ji da kunnena. Fosta ce mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, gidan "ight" ne, kalmomi takwas a jere. Malama ta ɗora sanda a ta sama, yara suka ɗauka gaba ɗaya, rufin kwano yana amsawa. 'Yan kwamiti suna ta gyaɗa kai.

Ni kuwa kunne ne jarina. Na ji muryar tana hawa a ta uku, tana sauka a ta huɗu, ta sake hawa, daidai yadda 'yan mata suke yi a dandali. Kuma sun kai ta shida sandar Malama tana kan ta biyar. Na ce, "Malama, don Allah a sake, amma ki faro daga ƙasa."

Ta ɗora sanda a ta ƙarshe. Yara suka kalli sandar da kyau, suka buɗe baki, suka faro daga ta sama. Har ƙarshe, ba tuntuɓe. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi tari.

Ban ce na yi wa fostar adalci ba. Kwananta kaɗan a bangon, tsohon zanena kuwa yaran sun shekara suna wasa da shi. Amma ni ba alƙali aka kira ni in zama ba, kekena na zo ceto. Na karɓi "c" daga hannun Baba Dogo, da sauran yawunsa, na rataya a gaban "ap". Yara suka ce "cap", hannuwa duka suka nuna jar hularsa. Ya ɗan taɓa ta, ya ji daɗi. Na cire na sa "t", suka murɗa famfon iska suna yin ƙarar ruwa da baki. Na tsallake na koma "c", suka koma hula. Na sa "m", suka nuna taswirar da take bayan ƙofa. Sai na rataya "n".

Aji guda ya kifa kai a kan benci ya kama minshari. Da sun tsaya nan da an rabu lafiya. Amma sai suka ɗago, ba wanda ya ce musu, suka nuna Baba Dogo, sannan suka nuna gindin mangwaron da yake gaban makaranta. Ashe a nan yake shimfiɗa buzunsa kullum bayan azahar, wai yana sa ido a kan malamai.

Mutum huɗun da suke bayansa, ɗaya ya fita waje da gudu, ɗaya ya cusa rawani a baki. Baba Dogo ya juya wurin Malama.

"Wa ya koya musu wanga?"

"Baba, kalmar ni na koya musu. Misalin su suka samo."

Ya dubi zanen. Ya sake taɓa harshensa da yatsa. Sannan ya ce, "Sati ukku. A sake su duka, da maganin. In ɓera ya taɓa ko ɗaya, ke da Malama ku nemi wani gari." Ya kai ƙofa ya waiwayo, ya nuna "n" da sanda. "Wanga kuma a cire shi."

Na ce, "To, Baba." Na ɗinka shi, har da guda biyu na ajiya.

Na sake haruffan nan kaf, sati uku gidana yana warin shuwaka. Makarantu biyun nan na kusa ba su jira ba, sun sayi roba, har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ta Malama ta tsaya, bayan hutu na gaba aka kwashe dawa aka tarar da haruffa cif, daga nan ƙauyuka suka ci gaba da aiko masu kabu-kabu. Da na samu sarari na nemi lambar Madam a wurin 'yan garinsu da suke kasuwa, na kira ta na faɗa mata komai. Ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Shekara bakwai kai yana zuba ruwan nan, kai yana cewa Madam rowa ne da shi. Kai tsammani ban sani ba?"

"To Madam, ai da kin faɗa mini."

"In na faɗa, kai zai manta. Yanzu ɓera ya faɗa. Kai zai manta?"

Ban manta ba. Ga shuwaka can na shuka a bayan ɗaki, layi biyu, mutanen gidan nan sun sha miyarta har sun fara gaishe ni da Madam. Haruffana kuma har gobe kore-kore suke, duk wanda ya zo sai ya ce, "Inna, ba za a iya yin su fari tas ba?" Za a iya mana. Na taɓa yi, an yaba ƙwarai, ba a bar ko ɗaya ba.

Yanzu ga almakashi, ga jarida, ga S yana jiranku. Amma kafin nan, ga haruffa biyu a tafin hannuna, ɗaya fari mai sheƙi, ɗaya kamar ya kwana a rafi. Ku da kuka ce yanka tsumma ne da liƙawa, a cikinku wa zai fara miƙo harshe?